Kada a yi wa waƙar gambara kuɗin goro

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya, inda baƙonku ya ce waƙar rap, wadda muke kira gambarar zamani, ita ce ta lalata tarbiyyar matasa baƙar fata. Ni malamin sakandare ne, kuma hankalina bai kwanta da wannan hukunci ba.

A unguwar Bronx ta birnin New York aka haifi wannan kiɗa, a watan Agustan 1973, lokacin da DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya juya faifai a wani bikin matasa. Gidajen unguwar na cin wuta a shekarun nan, aikin yi babu, sai yara suka zuba kukansu cikin waƙa.

Ɓarna kam akwai ta. An harbe mawaƙin gambara Tupac a Las Vegas a 1996 yana ɗan shekara 25, bayan wata shida aka harbe takwaransa Notorious B.I.G. a Los Angeles yana da 24. Kamfanonin faifai sun ga waƙar bindiga da cin mutuncin mata na kawo kuɗi, suka yi ta tura ta kasuwa. Har cikin ajina nake gani: yaro ya zazzago wando, yana kiran abokinsa da kalmar da aka yi ta wulaƙanta bayi da ita a Amurka, bai san tarihinta ba. Wallahi abin yana ci mini rai.

Amma me ya hana baƙonku ambaton Senegal? A 2011 mawaƙan gambara na ƙungiyar Keur Gui, 'yan garin Kaolack, tare da wasu 'yan jarida suka kafa ƙungiyar fafutuka ta Y'en a Marre, wato "mun gaji", saboda yawan ɗauke wuta. Unguwa-unguwa suka bi suna jan matasa su yanki katin zaɓe, a 2012 kuma shugaban ƙasa Abdoulaye Wade, mai neman wa'adi na uku, ya sha ƙasa. A Burkina Faso ma, mawaƙi Smockey na cikin waɗanda suka ja gaba har shugaban ƙasa Blaise Compaoré ya sauka a 2014.

Roƙona, ku gayyato samarinmu masu gambara da Hausa, na Kano da Jos da Damagaram, ku zaunar da su da iyaye da malamai a shiri ɗaya. Ni da ɗalibaina za mu kasa kunne.

Naku,
Wani malami daga Zariya