Zuwa ga Sani: Ingilishinka ya sa rigar Faransanci

Damagaram, unguwar Birni

Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya karatu, ya zaman Kano? Mu nan lafiya lau, sai zafi da wahalar ruwan da ka sani. Yau kwana huɗu famfon gidan nan bai ɗiga ba, ƴan garuwa ne ke rufa mana asiri.

Takardar neman aikin da ka turo ta WhatsApp, na sa ƙanwarka ta kai an buga mini ita wurin mai kwamfuta na bakin Kasuwar Dole, don idona ya daina jure ƙananan rubutun waya. Na karanta ta sau biyu da jan bik a hannu, halin da ritaya ba ta raba ni da shi ba. Takardar ta yi tsari, akwai ladabi, ba ka cika surutu ba. Amma layi na uku ya tsayar da ni. Ka rubuta: "I speak very well English." Can ƙasa kuma: "I use often the computer." Ba ka ɓata harafi ko ɗaya ba, kalmomin duk daidai suke, wurin zamansu ne ba daidai ba. Abin dariyar shi ne, jimlar da ka kawo ta ba da shaidar ka iya Ingilishi, ita ce za ta fara tona ka.

Na san inda ka kwaso wannan. Shekara talatin da ɗaya ina mushen angale, wato malamin Ingilishi, daga siziyem, ajin farko na sakandare, har tarminal, ajin ƙarshe, babu kuskuren da ya cinye mini jan bik kamarsa. Yaro ya shiga lakwal ya yi shekara shida yana shan Faransanci, sai a siziyem Ingilishi ya iso, ya tarar an riga an shimfiɗa tabarma. Bafaranshe yana cewa "Je parle très bien l'anglais", yana cewa "J'utilise souvent l'ordinateur", kuma a wurinsa daidai ne, don shi bayanau ɗinsa, wato abin da kuke kira adverbe, yana zama ne a bayan aikatau kai tsaye. Kai kuwa sai ka ɗauki jimlar tasa, ka cire kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ka zuba na Ingilishi a gurbinsu. An canza tufafi, mutumin yana nan.

To ga ƙa'idar, ka riƙe ta da kyau. A Ingilishi, aikatau da abin da aikin ya faɗa a kansa hanta da jini ne, bayanau ba ya shiga tsakaninsu. Ka ce "I speak English very well." Ka ce "I like tea very much." In ka sa "very much" kafin "tea", ka koma Faransanci.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne sai da na yi kusan shekara goma ina koyarwa kafin na lura cewa maganin yana cikin bakinmu. Ka taɓa jin wani ya ce "na ci da sauri tuwo"? Ko "ina jin sosai Hausa"? Je ka faɗi haka a Zango ka ga yadda yara za su bi ka da dariya. Mu ma cewa muke "na ci tuwo da sauri", "ina jin Hausa sosai": aiki, sai abin da aka yi wa aikin, sannan bayani. Daidai da tsarin Ingilishi. Ranar da na rubuta waɗannan jimloli uku a tablo, ta Hausa a sama, ta Ingilishi a tsakiya, ta Faransanci a ƙasa, na ja layi daga kalma zuwa kalma, layukan Hausa da Ingilishi suka sauko a miƙe, na Faransanci suka gitta. Wata yarinya daga bayan aji ta ce, "Mushe, ashe angale ɗan'uwanmu ne." Ba ɗan'uwanmu ba ne, amma a wannan wuri hanyarmu ɗaya.

Bayanau a Ingilishi wurin zama uku yake da shi: farkon jimla, tsakiya, da ƙarshe. Na ƙarshe ba wuya. In sun taru da yawa, sai ka jera su da tambayoyi uku: yaya, ina, yaushe. "The children played happily in the yard yesterday." In aikin na tafiya ne, wurin da aka nufa yakan riga: "He went home quickly." In kuma wutsiyar jimla ta yi nauyi, ɗauke lokacin ka kai shi farko, ba wanda zai ce maka komai.

Tsakiya ce mai aiki, kuma nan ne "often" ɗinka ya ɓata hanya. Kalmomin da ke faɗin yawan aukuwar abu, irin su always, usually, often, never, da ƴan'uwansu already, still, just, also da probably, suna zuwa ne kafin babban aikatau. "I often use the computer." "She never drinks coffee." Nan ma Hausa ba ta yashe ka ba. Dubi "yakan zo", "ban taɓa ganin teku ba", "ya riga ya tafi". Kan, taɓa da riga duk suna gaban aikin, kamar yadda Bature ke cewa "I have never seen the sea", "He has already left." Ka lura a waɗannan biyun akwai mataimakin aikatau, have da has, sai bayanau ya zauna tsakanin mataimaki da mai gida. In mataimakan sun fi ɗaya, yakan bi na farko: "It has never been repaired." Aikatau ɗaya ne ya fita daban, wato be, da am, is, are, was da were. Shi a bayansa ake zama: "He is always late." Wannan jimla ba sai na nemo maka misali daga nesa ba, ka san wanda nake nufi a gidan nan.

Kada ka ce Baba ya ce Hausa ba ta kuskure. Tana da nata tarkon. Muna cewa "kullum ina tashi da asuba", sai ɗalibi ya rubuta "Always I wake up early." Ba a faɗin haka. Sometimes da usually suna iya buɗe jimla, always kuwa a'a, sai a umarni: "Always greet your elders." Never ma in ka kai ta farko sai ka juya jimlar, "Never have I seen such a thing", kuma wannan salon jawabi ne, ba na takardar neman aiki ba. Ka bar shi tukuna.

Yanzu bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba. Ina sabon malami, wani ɗalibina mai ƙwazo zai tsallaka Najeriya karatu, ya roƙe ni in rubuta masa takardar shaida. Na zauna da dare a hasken fitilar ƙwai, na zuba yabo, na rufe da "He hardly works." A tunanina na ɗauki hard na ƙara mata wutsiya don ta zama bayanau, kamar yadda quick ke zama quickly. Allah ya taimake ni, da safe na nuna wa wani abokin aikina mutumin Gana. Ya karanta, ya cire tabarau, ya dube ni, ya ce me yaron nan ya yi mini da zan kashe shi haka. Ashe abin da na rubuta shi ne yaron kusan ba ya aikin komai. Abin da nake nufi shi ne "He works hard": hard ba ta bukatar wutsiya, kuma a ƙarshe take zama. Hardly kuwa wata kalma ce daban, ta tsakiya, ma'anarta da ƙyar. Na yaga takardar nan ƙanana-ƙanana na cusa a aljihu, ban ma yarda na zuba ta a kwandon shara na ɗakin malamai ba.

Akwai kuma only, wadda ke canza magana duk inda ta matsa. "Only Musa ate the rice", Musa kaɗai ya ci. "Musa ate only the rice", shinkafar kawai ya ci, bai taɓa nama ba. A Hausa, kalmomin kaɗai da kawai suna bin bayan abin da suka keɓe, ita only tana gabansa. A hira murya tana gyara komai, amma takarda ba ta da murya, don haka a rubutu ka manna ta da kalmar da kake nufi. Sai enough, da ke bin bayan sifa: "old enough". Faransanci da "assez grand" ɗinsa zai ja ka ka juya ta, kada ka bi shi.

Za ka ci karo a littattafai da jimlar da bayanau ya shiga tsakanin aikatau da karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa, musamman in karɓau ɗin dogo ne ƙwarai. Ana yi, ba ƙarya ba ne. Amma mai koyon sukuwa ba ya fara da sakin linzami.

Ka san a shekarar 2025 kundin da hukumar Nijar ta fitar ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Da na ji a rediyo na yi murmushi, don ku ƴan yanzu dukkan ukun za a nema a wurinku. Shawarata ita ce, in ka rubuta jimlar Ingilishi ka ji kana shakka, kada ka mayar da ita Faransanci don ka gwada ta, shi ne ya ɓatar da kai tun farko. Faɗe ta da Hausa a ranka, ka ga inda bayanin ya faɗa, sannan ka tuna da kullum da kaɗai, inda muka raba hanya da su. Kuma ka sami ƙaramin kaye, wato littafin rubutu, duk jaridar Ingilishi da ta shigo hannunka a Kano ka kwafi jimla biyar, ka ja layi a ƙarƙashin bayanau. Wata ɗaya ya isa kunnenka ya fara ƙin abin da ba daidai ba tun kafin ka tuna ƙa'ida.

Na zagaye wurare shida a takardarka, huɗu duk wannan matsala ce, biyun kuwa waƙafi ne. Ƙanwarka za ta ɗauki hotonta ta turo maka. Ka gyara ka dawo mini da ita kafin Alhamis, kada ka aika musu sai na sake gani.

Innarka tana gaishe ka. Ta ba direban da ya saba kawo maka saƙo kilishi da dabino, ta ce ka je tasha da kanka ranar Talata, kada ka aiki yaro kamar wancan karon.

Mahaifinka