Ƙorafi ga Kamfanin Ɗab'i Kan Babin Ganga Tsayayye da Ganga Dogarau a Littafin Turanci na Sakandare

Zuwa ga Manajan Darakta da sashen tace littattafai.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu malaman Turanci ne a manyan azuzuwan sakandare, kuma littafin nahawun Turanci da kamfaninku ya buga don 'yan aji huɗu zuwa shida yana cikin waɗanda makarantu ke sa iyaye su saya. Ƙorafinmu a kan babi ɗaya ne, wanda ya yi bayanin yadda ake gane "main clause" da "subordinate clause", wato abin da masu nahawun Hausa ke kira ganga tsayayye da ganga dogarau. Ganga shi ne sashen jimla mai ɗauke da aikau, wato mai yin aikin, da aikatau. Mun fito da maganar fili ne saboda littafin ya riga ya shiga hannun yara, kuma da yawansu ba su da wanda zai tsaya a kansu ya ce nan an yi kuskure. Abin da ke cikin bugaggen littafi, a wurin yaro, yankan wuƙa ne.

Kun san dai inda wannan darasi yake tsayawa. A jarrabawar WAEC da ta NECO, a sashen karanta labari a amsa tambayoyi, akan tsamo wani yanki na jimla a tambayi ɗalibi abu biyu: sunansa a nahawu, da aikin da yake yi a wannan jimlar. Yaron da bai iya raba ganga da yanki ("phrase", wato tarin kalmomin da bai kai ganga ba) ba, ko bai san kalmar da gangan yake yi wa bayani ba, zai bar makin a ƙasa. Babinku kuwa bai koya masa duba aikatau ba. Ya koya masa duba wuri, da tsawo, da haddar jerin kalmomi, kuma duk ukun suna yaudara.

Ƙa'idar da kuka sa a akwati a farkon babin ta ce ganga tsayayye shi ne ke zuwa a farkon jimla. Jimla ɗaya ta isa ta rushe wannan: "When the rain stopped, the traders opened their stalls." Abin da ya zo farko a nan shi ne dogarau. A ƙasa kaɗan kun ƙara da cewa tsayayye yakan fi tsawo. To a "He left because the man who promised to pay him had travelled", tsayayyen kalma biyu ne rak.

Wanda ya fi damunmu shi ne gwajin da kuka gina babin gaba ɗaya a kansa, cewa ganga tsayayye shi ne wanda yake ba da cikakkiyar ma'ana idan an cire sauran. Wannan yana aiki idan dogarau na bayanau ne, wato mai bayanin aikatau, ko na sifa. Da zarar an zo kan wanda ke zaman suna, sai gwajin ya sulluɓe. A ɗauki "The principal said that the fees had gone up." Idan an cire daga "that" zuwa ƙarshe, saura "The principal said", mai ji kuma zai ce, ya ce me? A "What she cooked was delicious" abin ya fi muni, domin saura "was delicious" kawai, babu aikau. Dalili shi ne irin wannan dogarau ba a gefen tsayayye yake zaune ba, a cikinsa yake, yana riƙe da gurbin aikau ko na karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa. Gwajin da ya dace da shi daban ne: a cire shi a sa "it" ko "something" a gurbinsa. "The principal said something." "It was delicious." Idan jimlar ta miƙe, an kama ganga mai zaman suna. Layi biyu ne wannan bayani, amma ba ya cikin littafin, alhali atisayen ƙarshen babin cike yake da irin waɗannan jimloli.

Sai jerin kalmomin da kuka ce a haddace a matsayin alamomin dogarau. A ciki kun cusa "but" da "and" tare da "because" da "although", kuka kuma ƙara "however" da "therefore". Kayan kwando uku ne aka juye a ɗaya. "And", "but" da "or" suna haɗa ganga biyu masu daraja ɗaya, kowanne tsayayye. Akwai hanya mai sauƙi da yaro zai gwada da kansa: ya ɗauko gangan tare da mahaɗinsa ya kai shi farkon jimla. "He slept because he was tired" tana komawa "Because he was tired, he slept", lafiya lau. "He was tired but he worked" ba ta komawa "But he worked, he was tired". Wanda ya yarda a ɗaga shi da mahaɗinsa dogarau ne. Su kuma "however" da "therefore" bayanau ne, shi ya sa suke yawo a cikin gangansu: "He, however, refused", "He refused, however." Ba wanda zai yi wa "although" haka. Sakamakon wannan cakuɗa muna ganinsa a rubutun insha'i, inda yara ke haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi da "however" a tsakani, mai maki kuma ya zagaye da jan biro.

Har kalmomin da suka cancanci zama a jerin ba su da tabbas su kaɗai. "After", "before", "since", "until" da "as" suna iya buɗe ganga, suna iya buɗe yanki. "After the match ended" ganga ne domin akwai aikau da aikatau mai ɗauke da lokaci. "After the match" yanki ne, babu aikatau. Haka "because it rained" da "because of the rain", haka "although he was ill" da "despite his illness". A amsoshin bayan littafin kun kira "before the long holiday" ganga dogarau. Muna roƙon wanda ya tsara amsar ya nuna mana aikatau a ciki.

Haddar jerin tana da wata illar. Turanci yakan jefar da "that" ko "whom" ba tare da jimla ta lalace ba. "The book I bought is torn." "I know he is lying." Yaron da aka ce ya nemi kalmar alama zai duba bai gani ba, sai ya rubuta cewa jimla ce sassauƙa. Da an ce masa ya ƙirga aikatau, da ya ga "bought" da "is", ya san ganga biyu ne, ya nemi inda "that" ta ɓuya. Haka nan babu ko misali ɗaya a babin na dogarau da ya tsaga tsayayye gida biyu, kamar "The boy who stole the goat has run away", inda tsayayyen shi ne "The boy has run away". Tun da an gaya wa yaro ya ja layi ɗaya ya raba jimla gaba da baya, sai ya ja shi bayan "goat", ya ɗauki "The boy who stole the goat" a matsayin ganga guda.

Akwai kuma wurin da kuka ce duk gangan da ya fara da "where" na bayanau ne na wuri, wanda ya fara da "when" na lokaci. Ga jimloli uku da kalmomi kusan iri ɗaya. "I know where he lives": karɓau ne na "know", saboda haka mai zaman suna ne. "This is the house where he lives": yana fayyace "house", na sifa ne. "He trades where he lives": yana bayanin "trades", sai a nan ya zama na bayanau. Kalmar farko ba ta yanke hukunci, aikin da gangan ke yi ne ke ba shi suna. Wannan shi ne ainihin abin da masu jarrabawa ke nema a kashi na biyu na tambayar, kuma amsar da ake so ta haɗa da ambaton kalmar da ake yi wa bayani. Amsoshinku sun tsaya a "it modifies the verb", ba su faɗi wane aikatau ba, a jimlar da ke da uku.

Game da irin su "Having finished the work" da "To pass the exam", a shafi ɗaya kun kira su yanki, a shafi na gaba kun kira su ganga. Mun san masana sun saɓa a nan: nahawun makaranta na gargajiya yana ce musu yanki domin aikatau ɗinsu ba ya ɗauke da lokaci, littattafan nahawu na zamani kuma suna lissafa su cikin ganga. Saɓanin ba laifinku ba ne. Laifin shi ne ku yi amfani da duka biyun ba ku ce uffan ba. Ku zaɓi ɗaya, ku faɗa wa mai karatu akwai ɗayan.

Waƙafi ma an yi masa riƙon sakainar kashi. "My brother who lives in Kaduna is a tailor" tana nufin ina da 'yan'uwa maza fiye da ɗaya, na Kaduna nake nufi. Idan aka sa waƙafi kafin "who" da bayan "Kaduna", ɗan'uwan ɗaya ne, zaman Kaduna ƙarin bayani ne kawai. A misalanku an watsa waƙafin kamar gishiri, har akwai inda aka sa shi kafin "that", abin da Turanci ba ya yi a irin wannan gangan.

Wani abu kuma, wanda ba kuskure ba ne, rashi ne. A bangon littafin kun rubuta cewa don ɗaliban Nijeriya aka yi shi, amma ba a ko leƙa inda yaron da ya tashi da Hausa yake tuntuɓe ba. Bahaushe yana cewa "Ko da yake ya gaji, amma ya ƙarasa aikin", kuma Hausa ce tsantsa. Idan yaro ya kwashe ta zuwa Turanci sai ya rubuta "Although he was tired, but he finished the work", ya sa mahaɗi biyu inda ake son ɗaya. Muna cewa "mutumin da na yi magana da shi", sai ya fito da "the man that I spoke with him". Sannan yakan rubuta "When he will come, I will tell him", alhali Turanci yana son "When he comes". Ta ɗaya gefen kuma Hausa tana da abin da za ta taimaka da shi. Yaro ya riga ya san bambancin "sun zo" da "mutanen da suka zo", da na "suna aiki" da "inda suke aiki". Kunnensa ya san cewa "da suka zo" ba ta tsayawa ita kaɗai, tana jiran ƙarashe. Malami ya fara daga nan, minti biyar sun isa yaro ya fahimci me ake nufi da dogaro. Rabin shafi zai ɗauki wannan.

Abin da muke so ya maye gurbin akwatin ƙa'idar nan ba mai wuya ba ne. Ɗalibi ya fara ja wa kowane aikatau mai ɗauke da lokaci layi, yana ɗaukar irin su "has been waiting" a matsayin guda ɗaya. Adadinsu shi ne adadin ganga, sai dai inda aikau ɗaya ya ja aikatau biyu da "and", wanda ya kamata a yi masa bayani daban. Daga nan ya nemo aikau na kowanne. Sai ya duba gaban kowane aikau ko akwai mahaɗin dogaro ko wakilin suna irin su "who" da "which", ko kuma gurbin da "that" za ta iya shiga, yana tuna cewa "who" kan zama ita ce aikau ɗin da kanta. Ya kewaye wannan gangan daga farkonsa zuwa inda ya ƙare. Aikatau ɗin da ya rage a waje shi ne na tsayayye. Sai a ƙarshe ya tambayi wanda aka kewaye: gurbin suna ka cika, ko suna kake fayyacewa, ko aikatau kake yi wa bayani, kuma wanne? A gwada da "When the driver who brought us saw that the bridge had collapsed, he turned back." Aikatau huɗu, ganga huɗu, tsayayyen shi ne kalmomi ukun ƙarshe, sauran kuma wani a cikin wani suke. Da ƙa'idar littafinku, yaro zai ce "When the driver who brought us" ne tsayayye, don shi ya zo farko.

Saboda haka muna neman ku fitar da takardar gyara ta wannan babi da amsoshinsa, ku aika wa makarantu da shagunan da kuka ba littafin, ku kuma sa ta a shafinku na intanet inda kowa zai sauke kyauta, kafin 'yan aji shida su shiga jarrabawa. Kofen da suka rage a sito a liƙa musu takardar kafin su fita. A bugu na gaba a sake rubuta babin daga tushe, a ba malamin da ke koyar da ajin jarrabawa ya amsa atisayen da kansa ba tare da ya ga amsoshinku ba, sannan a gwama. Iyayen da suka riga suka saya kada a ce su sake sayen sabon bugu don shafuka goma.

Mun ajiye jerin kowace jimla da muka samu da matsala, da lambar shafinta da gyaran da muke ganin ya dace. Idan sashen tacewa ya nema ta hanyar da aka buga wannan wasiƙa, za mu miƙa.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman Turanci na sakandare