Masu babura su daina cire madubi

Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in ja hankalin masu babura a ƙauyukanmu na Jigawa, domin da yawa suna cire madubi da zarar sun sayi sabon babur, wai ado ne kawai.

Madubin babur ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Fuskarsa tana da doro kamar bayan cokali. Idan haske ya faɗa kanta sai ya dawo a warwatse, shi ya sa ɗan ƙaramin madubi yake nuna faɗin hanya, da motar da ke tafe, har da amalanken da ke gefe. Hoton kullum a tsaye yake fitowa, amma a ƙanƙance, kuma wannan ne ya fi damuna, domin ƙanƙantar tana sa mai tuƙi ya zaci tirela tana nesa alhali ta kusa cim masa. Wajibi ne a koya wa matasa wannan kafin a ba su makulli.

Madubi mai kwarmi kuwa, irin na cikin fitilar babur, tattara hasken ƙwai yake yi ya miƙa shi gaba. Idan ya dushe, a canza shi kafin a kama hanyar kasuwar Maigatari da duhun asuba.

Wassalam,
Wani malamin kimiyya daga karkarar Gumel