Wasiƙa zuwa ga Edita: Kun bar ta ta ce babu haɗari, ba wanda ya tanka mata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun da aka rufe shirin lafiya na rediyonku na ranar Lahadin nan, wanda aka yi a kan alluran gyaran fuska, raina yake a ɓace, kuma har yanzu bai huce ba. Sau nawa baƙuwar nan taku ta nanata cewa ai ba tiyata ba ce, 'yar allura ce kawai, mace ta tashi daga kan kujera ta wuce harkokinta, babu wani haɗari? Mai gabatarwa kuwa ban da "haka ne" da "masha Allah" ba abin da ya fito daga bakinta. Kun yi ta kiran matar ƙwararriya tun daga farko har ƙarshe, amma ba wanda ya tambaye ta me ta karanta. Likita ce? Ma'aikaciyar jinya ce? Wa ya ba ta izinin soka wa mutane allura a fuska? Shiru. Lambar wayarta dai an karanto mana ita har muka haddace.

Wannan maganar ta "ba tiyata ba ce" ita ce aka gaya wa ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, kafin a lalata mata hanci.

Ta yi doguwar jinya ne ta rame, bayan ta warke sai layukan nan biyu da ke saukowa daga gefen hanci zuwa gefen baki suka yi zurfi. Kowa ya gan ta sai ya ce ta tsufa. Abin ya dame ta. Ta ga hotunan kafin da bayan aiki a Instagram, ta je. Wuri tsaf, mai aikin sanye da farar riga da safar hannu, bango cike da takardu a cikin gilashi. Aka ce allurar ciko za a yi mata, wadda suke kira fila. Ɓangaren dama ya wuce lafiya. Ana soka na hagu ta ji wani irin zafi da ya bambanta da na farko, har ta riƙe hannun matar. Fatar wurin ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Matar ta duba ta ce maganin kashe zafi ne yake aiki, ta sallame ta.

Da daddare ta kira ni tana kuka. Da na je sai da na haska fitilar waya kusa da fuskarta kafin na ga abin sosai, domin a fata mai duhu irin tamu ba ya fitowa fili. Wani shati ne mai duhu, raga-raga, ya taso daga gefen leɓenta na sama ya hau gefen hanci. Na taɓa wurin na ji shi da sanyi, alhali sauran fuskar da ɗumi. Muka kira matar. Ta ce taruwar jini ce, kowa yana yi, a ɗora ƙanƙara. Muka ɗora. Washegari wasu ƙananan ƙuraje farare suka feso a wurin. Ta ce ƙurajen zazzaɓi ne. Daga nan ta daina ɗaga waya, saƙo ma sai a ga ta karanta ba amsa.

Lokacin da muka isa gaban likitan fata, tambayarsa ta farko ita ce me aka zuba mata. Ba mu sani ba. Sunan maganin fa? Ba mu sani ba. Kwalin, lambar da ke jikinsa, wata takarda da ta sa wa hannu? Babu ko ɗaya. Ya yi mana bayani a natse, kuma ina so ka karanta shi da kyau, domin shi ne abin da shirinku ya ɓoye. Ruwan cikon ya shiga jijiyar jini ne ya toshe ta, fatar da jijiyar ke shayarwa ta rasa jini ta fara mutuwa. Zafin nan da farin nan da shatin nan su ne alamomin farko, kuma duk wanda ya cancanci riƙe wannan allura ya san su. Yawancin cikon da ake yi yanzu na sinadarin hayaluronik ne, yana kuma da makari, wata allura mai suna hayaluronides wadda ke narkar da shi. Idan aka yi ta da wuri, cikin sa'o'in farko, sau da yawa fatar takan tsira. Ƙanƙarar da aka ce mu ɗora kuwa ƙara tsuke jijiyoyin take yi. Ya ce wanda bai ajiye makarin nan a kusa da hannunsa ba, ba shi da hujjar taɓa fuskar kowa.

Ya yi mata makarin duk da an makara, ya ceto abin da ya cetu. Amma bakin hancin na hagu ya riga ya yi baƙi ƙirin, ya bushe ya zama ɓamɓaroki. Ni nake wanke mata shi safe da yamma da ruwan gishirin da aka ba mu a asibiti, tana runtse ido tana damƙe gefen katifa. Ranar da ɓamɓarokin ya faɗo a kan audugar da ke hannuna, da ɗan naman hancin ya taho. Yau akwai giɓi a wurin, ga tabo mai tudu ya bi ta gefen leɓe. Matar da ba ta gajiya da shiga mutane, yanzu ba ta fita sai da takunkumin fuska, hoto kuwa ko da 'ya'yanta ba ta yarda a ɗauke ta. Gyaran da ya rage mata, in ji likita, sai dai tiyata.

Kuma likitan ya ce mu gode wa Allah. Jijiyoyin jinin da ke gefen hanci da tsakanin gira suna haɗe da jijiyar da ke shayar da ido. Idan aka matsa ruwan cikon a cikinsu yana iya komawa baya ya toshe ta, mutum ya makance nan take a kan kujera, kuma galibi ganin ba ya dawowa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa, likitoci sun rubuta shi a ƙasashe da dama. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Wannan ce allurar da baƙuwarku ta ce ba ta da haɗari, ku kuma kuka amsa mata da "haka ne".

Akwai 'yan uwa da suka zo dubiya suka riƙa cewa ita ta jawo wa kanta, ta ƙi gode wa Allah da halittarta. Wannan ma ya ƙona mini rai. Son gyara ba laifi ba ne, kuma ba na ƙin aikin nan gaba ɗaya. A hannun likitan da ya san taswirar jijiyoyin fuska, da magani na gaskiya, mutane da yawa suna yi su tashi lafiya. Ƙanwata ba ta yi wauta ba. An gaya mata ƙarya ne da murya mai daɗi ta yarda, kamar yadda dubban masu sauraronku suka yarda ranar Lahadi saboda daga gidanku maganar ta fito.

Ɗauki abin da baƙuwarku ta faɗa a kan allurar Botox, wai furotin ne kawai. Dafi ne da ƙwayar cutar Clostridium botulinum ke fitarwa, yana cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani. Ana tace shi a yi amfani da ɗan ƙanƙanin kaso don a sanyaya naman da ke tattare goshi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara amincewa da shi a 1989 don ciwon harara-garke da ƙiftawar ido marar tsayawa, sai a 2002 ta amince a yi shi don tamojin tsakanin gira. Magani ne, kuma a 2009 hukumar ta wajabta a rubuta gargaɗi mafi tsanani a jikin kwalinsa cewa dafin yana iya yaɗuwa daga inda aka soka ya hana haɗiya ko numfashi. A 2024 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sanar da cewa mata a jihohi da dama sun kamu da rashin lafiya bayan an yi musu na jabu ko an yi musu a hannun marasa lasisi, wasu sai da aka kwantar da su a asibiti. Ko na gaskiyar ma in an kuskure wuri, fatar ido takan faɗo ta yi makonni. Sannan aikinsa wata uku zuwa huɗu ne, ya sake ki, ki koma. Ciko kuma daga wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi galibi. Baƙuwarku ba ta ambaci komawa ba ko sau ɗaya.

Da ta zo kan wanda ake ɗibar jinin mace a tace a mayar mata a fuska da ƙananan allurai, cewa ta yi tunda jininki ne ba abin da zai same ki. To allurar fa? Kwalbar da aka zuba jinin fa? A jihar Niyu Meksiko ta Amurka an rufe wani wurin gyaran jiki marar lasisi a 2018, kuma rahoton CDC na 2024 ya danganta kamuwar mata uku da ƙwayar cutar ƙanjamau da irin wannan aikin da aka yi musu a can. Duk wannan a buɗe yake a intanet. Wanda ya shirya muku tambayoyi bai duba ba.

Ba wanda ya ce uffan kuma a kan launin fata, alhali kun san su waye masu sauraronku. Tun 1975 likitan fata Thomas Fitzpatrick ya fito da ma'aunin rarraba fata gwargwadon yadda take karɓar haske, kuma mu muna can ƙarshen ma'aunin, rukuni na biyar da na shida. Hasken na'urorin leza da dama da ake gyaran fata da su baƙin sinadarin da ke ba fata launi yake bi. Na'urar da ke yi wa farar fata aiki lafiya tana iya ƙona tamu, ta bar tambari baƙi ko fari da zai yi watanni ko shekaru. Shi ya sa likitoci ke zaɓar na'urar leza mai dogon zangon haske irin su Nd:YAG ga fata mai duhu, su kuma fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri. Haka sinadaran ɗaye fata masu ƙarfi. A watan Yuli na 2024 FDA ta gargaɗi mutane kada su saya su shafa da kansu ba tare da kulawar ƙwararre ba, saboda ƙuna da tabo. Mu ne kuma muka fi saurin yin tabo mai tudu. Baƙuwarku kuwa cewa ta yi na'urarta ta dace da kowace fata.

Abin da ya sa na miƙe tsaye a ɗaki shi ne yarinyar nan da ta bugo waya ta ce shekarunta goma sha bakwai, tana son a cika mata leɓe. Aka yi dariya a ɗakin shirin, aka ce mata ai gyara ba shi da shekaru. A Ingila tun ranar 1 ga Oktoba 2021 laifi ne a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba Botox ko ciko don kwalliya. Tun 2013 binciken da babban likita Sir Bruce Keogh ya jagoranta a can ya bayyana cewa mai zuwa irin wannan gyara ba shi da kariyar doka fiye da mai sayen biro ko buroshin haƙori. Su sun ga matsalar sun fara ɗaure ta, ku kuna tura 'yar mutane da dariya. Ina fata uwarta tana kusa da rediyo a lokacin.

Malam Edita, in kuɗi aka biya ku aka yi shirin nan, ku fito ku ce talla ce, kada ku lulluɓe ta da sunan shirin lafiya. In kuma ba a biya ba, abin ya fi muni. Ina so ku gayyato likitan fata na gaske, a wannan rana, a wannan lokaci, ku ba shi tsawon mintocin da kuka ba ta. Ya gaya wa mata su nemi ganin lasisi, su ga an ɓare kwali a gabansu su ɗauki hotonsa, su tambaya ko akwai makari a ɗakin, su san lambar da za a ɗaga da tsakar dare. Ya gaya musu zafi mai tsanani ko canjin launi ko dishi-dishin gani bayan ciko maganar asibiti ce a wannan sa'ar, ba sai gari ya waye ba. Mai ciki da mai shayarwa kuma su dakata. Ita mai gabatarwa ta buɗe shirin da neman afuwa, ta kuma nemo yarinyar nan tunda lambarta tana wurinku.

Tunda na ɗauki biro, bari in ƙara da wannan. Ƙarar tallace-tallacenku ta yi yawa. Mahaifiyarmu ba ta ji sosai, sai mu ƙara mata murya don ta ji labarai, da an shiga talla sai rediyon ta fashe da ƙara har ta zabura, carbi ya faɗi daga hannunta. Na bugo waya na faɗa, aka ce za a duba, har yau ba abin da ya canza. Don Allah a yi wa masu kula da na'ura magana su daidaita sautin.

Wassalam,
Mai sauraronku a kullum