Launi mai ƙarfi a ƙaramin ɗakin haya: shawarar masu fenti daga Sakkwato

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu amsa wata tambaya da 'yan haya ke yawan kawo wa masu sana'ar fenti a nan Sakkwato, musamman sababbin ma'aurata da ɗalibai da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki. Tambayar ita ce: ƙaramin ɗaki zai ɗauki launi mai ƙarfi, irin su shuɗi mai duhu, kore shar, ruwan goro ko ruwan makuba, ko kuwa dole mutum ya haƙura da ruwan madarar da mai gida ya shafa? Daga Mabera zuwa Arkilla, daga Gidan Igwai zuwa Runjin Sambo, kusan duk ɗakin hayar da ka leƙa kala ɗaya za ka tarar, domin ita ce mai araha kuma ba mai yin ƙorafi a kanta. Amsarmu ita ce zai ɗauka, har ma ya fi daɗin zama, muddin launin ya tsaya a bango ɗaya ko a ɓangaren bango na ƙasa, kuma aka gyara bangon kafin a buɗe galan.

Abin da ya fi tsorata mutane shi ne zafi. A garin da bazara ke haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, ba laifi ba ne mutum ya yi shakkar duk wani abu mai duhu. Sai dai launi mai duhu yana jan zafi ne inda rana ke dukansa kai tsaye, kamar bangon waje ko ƙofar ƙarfe. Bangon ciki da rana ba ta taɓawa, launinsa ba ya ƙara wa ɗaki wani zafin a-zo-a-gani. Zafin ɗaki daga rufin kwano yake saukowa, da kuma bangon yamma da ya wuni yana shan rana. Abin da launi mai duhu ke cinyewa shi ne haske. Farin fenti yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, shuɗi mai duhu kuwa da ƙyar yake mayar da kashi 10. Wanda ya shafe bango huɗu da irin wannan launi, ranar da aka ɗauke wuta zai gane kurensa, domin fitilar caji ɗaya ba za ta iya da ɗakin ba.

Saboda haka zaɓen bango ya fi zaɓen launi muhimmanci. Bangon da ke fuskantar taga shi ne yake karɓar haske yana raba wa sauran ɗakin, don haka a bar shi fari ko ruwan madara. Launi mai ƙarfi ya tafi bangon gefe, ko wanda kan gado ko doguwar kujera ke jingine da shi. Silin ya zauna fari, ko na roba ne ko na POP. Idan ɗakin dogo ne siriri, irin wanda ake yankawa daga falo, a sa launin a gajeren bangon ƙurya, ido zai ga kamar bangon ya matso, ɗakin ya daina kama da lungu.

Akwai hanya ta biyu wadda a ganinmu ta fi dacewa da zamanmu. Mu mutane ne masu zama a ƙasa, a kan darduma ko tabarma, mu jingina da bango, yara kuma su bi shi da hannu. Daga ƙasa zuwa kamar ƙafa uku da rabi nan ne duk dauɗar ɗaki take taruwa: man kai, shatin hannu, miya, biro. To sai a zagaye ɗakin da launi mai ƙarfi zuwa wannan tsayi, da fentin da ke goguwa, a bar sama da haske. Kada layin ya raba bangon biyu daidai wa daida, yana sa rufi ya yi kamar ya sauko. Kuma kada a auna tsayin daga daɓe a kowace kusurwa, domin daɓen gidajen haya da wuya ya zama a daidaice. A yi alama a wuri ɗaya, a ɗauki sauran da siririn tiyon ruwa irin na magina, sannan a buga layi da igiya da bula. Bayan an manna tef na takarda, a fara bin bakinsa da fentin sama mai haske, ya bushe, kana a shafa mai duhun. Wannan ne ke hana launi kurɗawa ƙarƙashin tef. A cire tef ɗin tun shafin ƙarshe bai gama bushewa ba, in an bari ya kwana zai taso da fenti.

Game da launin kansa, masu kama da ƙasa sun fi jure wa yanayinmu: ruwan makuba, jan ƙasa, ruwan zuma, da ja mai duhu irin na fatar jar akuyar Sakkwato da dukawa ke aiki da ita. Galibinsu daga tsatsar ƙarfe ake samo sinadarin launinsu, ba sa saurin koɗewa, kuma ƙurar hunturu ba ta fiye nunawa a kansu ba tun da kusan kalarsu ɗaya. Shuɗi mai duhu da kore mai duhu suna da kyau ƙwarai, suna kwantar da ido a ɗakin da tagarsa ke kallon yamma, amma suna nuna ƙura da shatin hannu, sai mai iya yawan gogewa. Ja wur da rawaya mai haske su ne masu wahala: ba sa rufe abin da ke ƙarƙashinsu sai an yi shafi uku ko huɗu, kuma gefen da rana ke shigowa ta taga shi ke fara koɗewa. Kafin a sayi galan, a nemi ɗan kaɗan a shafa sau biyu a kan kwali mai faɗin rabin mita, a jingina shi da bangon, a duba shi da safe, da la'asar, da kuma dare. Launi a babban bango yana fin yadda ya bayyana a katin shago ƙarfi, shi ya sa muke cewa a ɗauki wanda ya ɗan fi wanda ido ya fara so laushi. Ƙwan fitila ma yana da nasa tasiri. Farin ƙwai mai lamba 6500K yana mayar da ruwan goro da ruwan makuba kamar sun yi dauɗa, yana sa shuɗi ya yi sanyi irin na asibiti. Mai lamba 2700K ko 3000K, wanda haskensa ya ɗan yi rawaya, shi ne ke fito da su. Lambar tana jikin kwalin ƙwan.

Kafin duk wannan, a sami mai gida. Ba ta waya ba, ba kuma ta bakin yaron dillali ba. A nuna masa kwalin gwajin, a faɗa masa bangon da za a shafa, a rubuta a bayan takardar haya ko za a bar launin ne ranar tashi ko za a mayar da shi yadda aka same shi, da wanda zai biya. Mayar da bango mai duhu fari yana cin shafi ɗaya na firaima, wato shafin farko da ke riƙe fenti, da farin fenti shafi biyu zuwa uku. Na bango ɗaya abu ne mai sauƙi, na ɗaki sukutum kuwa shi ne ke kai mutane gaban mai unguwa.

Yanzu ga inda yawancin ayyuka ke lalacewa. Shafa tafin hannunka a bangon. Idan farin gari ya biyo hannun, tsohon fentin mai araha ne da aka cika da alli, duk abin da aka ɗora a kansa zai ɓare tare da shi, tef ma ba zai kama ba. Sai an kankare, an goge da jiƙaƙƙen tsumma har garin ya daina fita, an bari ya bushe, sannan a shafa firaima. Idan kuma bangon yana sheƙi, tsohon fentin mai ne, fentin ruwa ba ya kama shi sai an dusashe sheƙin an sa firaima, in ba haka ba farce kaɗai zai ɗaye shi. A duba gindin bango da bangon da ke haɗe da banɗaki. Inda aka ga farin gishiri-gishiri yana tsatsowa ko fenti ya kumbura, damshi ne a ciki, ko daga ƙasa lokacin damina ko daga bututun da ke yoyo. Fentin mai a irin wannan wuri rufe wa ruwa hanya yake yi, ruwan kuma sai ya tura shi waje. Wannan gyaran mai gida ne, kuma har a yi shi, a kai launin wani bangon. Sabon gini ma yana da tasa matsalar: filasta tana buƙatar kamar kwana 28 kafin ta karɓi fenti, domin kaifin siminti yana cin launi, shuɗi da kore su fito dabbare-dabbare. Ramukan ƙusa da tsaga a cike su da POP ko fila, a goge da sanfefa. A farin bango ƙananan kwazazzabai ba sa nunawa, amma launi mai duhu mai sheƙi yana tona asirin magini, musamman da dare in hasken ƙwai ya bi gefen bangon.

Ga lissafi. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsayin ƙafa 10, kowane bango nasa kamar murabba'in mita 11 ne. Litar fentin ruwa mai kyau tana rufe kamar murabba'in mita 10 a shafi ɗaya in bangon sumul yake, a kan filasta mai kaushi kuwa 6 zuwa 7. Ke nan in bangon sumul yake, galan ɗaya na lita 4 ya isa bango ɗaya shafi uku. Mai son zagaye ɓangaren bango na ƙasa, wurin da zai shafa kamar murabba'in mita 15 ne, shafi biyu, shi ma galan ɗaya. Sauran bango uku in ana son sabunta haskensu, galan biyu. Babu dalilin sayen bokitin lita 20 na launi mai ƙarfi saboda ɗaki ɗaya. In aikin zai ci fiye da galan ɗaya na launi guda, a juye su duka a bokiti ɗaya a gauraya tun farko, domin galan biyu masu suna ɗaya sukan ɗan bambanta.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne sayen farin fenti da 'yan kwalaben kala domin a haɗa launi mai duhu a gida. Farin fenti ba ya komawa ja, iyakarsa ruwan hoda, kuma in aka ci gaba da tuttula kala sai fentin ya rasa ƙarfin riƙo, ya riƙa bin rigar duk wanda ya jingina. Launi mai ƙarfi a saye shi a haɗe daga kamfani. Ƙarƙashin ja ko ruwan makuba, firaima mai ruwan toka tana rage yawan shafi fiye da fara. Ruwan sirki kuma kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin galan, yawanci kamar kashi ɗaya cikin goma. Mai fentin da ya mayar da galan ɗaya galan biyu ba sauƙi ya yi maka ba.

Lokacin aiki a Sakkwato ba abin wasa ba ne. A bazara fenti yana bushewa a kan rola kafin a haɗa layi da layi, sai bangon ya fito zane-zane, kuma launi mai duhu ya fi nuna haka. A fara bayan sallar asuba, a tsaya kafin hantsi ya yi zafi. A kashe fanka. A zagaye kusurwoyi da burushi, nan take a bi da rola, a gama bango guda ba tare da tsayawa shan shayi a tsakiya ba. Tsakanin shafi da shafi a ba da awa uku zuwa huɗu ko da ya bushe a hannu cikin minti 20. A hunturu a share ɗakin, a yayyafa ruwa a daɓe, a rufe tagar da iska ke shigowa, a bar ɗayar a buɗe. Wanda ke da zaɓi ya bari damina ta ɗauke, bango ya sha iska, ya yi aikin kafin hazo ya sauko. Fentin ruwa mai ɗan sheƙi, wanda ake kira satin, yana goguwa da jiƙaƙƙen tsumma, amma a ba shi mako uku kafin a fara wanke shi.

Sai batun da muke so jaridarka ta ja hankalin iyaye a kansa. An daɗe ana amfani da dalma wajen haɗa fentin mai, musamman rawaya da ruwan goro da ja, wato dai launukan da muke magana a kansu. Jama'ar wannan yanki sun san illar dalma tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wancan daga dutsen zinariya ne, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi yi wa lahani a ƙwaƙwalwa. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya ita ce kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti. Ɗan haya ba shi da na'urar aunawa, abin da zai iya shi ne ya zaɓi fentin ruwa a cikin ɗaki, ya guji fentin mai da ake aunawa a gwangwani marar suna, ya nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa ba a sa dalma ba. Tsohon fentin mai da aka tarar a bango ko ƙofa ko taga, kada a goge shi a bushe. A jiƙa sanfefa, a rufe hanci da baki, a fitar da yara da mai juna biyu, a kwashe ɓaraguzan da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Haka tsohon silin na asbesto, a shafa masa fenti yadda yake, kada sanfefa ta taɓa shi. In an yi amfani da fentin mai a ƙofa ko taga, a bar ɗakin a buɗe kwana biyu zuwa uku kafin a kwana a ciki, tsumman da ya sha tina ko kananzir kuma a shanya shi a waje nesa da murhu.

Mun gode.

Wasu masu sana'ar fenti,
Sakkwato.