Amsa ga mai tambayar dalilin da ya sa nake ƙira da hannu

Malama, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Kin tambaye ni a bainar jama'a inda na koyi ƙirar kayan ado, da waɗanda suka yi mini tasiri, da dalilin da ya sa nake wahalar da kaina da masaba alhali inji yana zubo zobba bila adadin. Ga amsa.

Da gyara na fara. Sarƙar da ta tsinke, ɗan kunnen da maƙalinsa ya karye, zoben da ya matse yatsa. Mai gyara yana ganin inda kowane maƙeri ya yi ha'inci da inda ya yi haƙuri, domin kaya ba ya karyewa sai a wurin da aka yi masa gaggawa. Zane daga baya ya zo.

Tasiri kuwa, mutanen Etruriya, wata tsohuwar al'umma ta ƙasar Italiya, su ne suka fi hana ni barci. Tun ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa suke jera ƙwayoyin zinariya ƙanana kamar yashi a jikin kayan ado, su manne su ba tare da sun narke sun cuɗe ba. Sai René Lalique, maƙerin kayan ado na Faransa, wanda ya rasu a 1945. Shi ne ya sanya ƙaho da gilashi kusa da zinariya a lokacin da ake auna darajar kayan ado da tsadar dutsen da ke jiki. Wurinsa na samo ƙarfin halin yin aiki da abin da wasu ke rainawa.

Batun hannu shi ne ya fi tsawo. Azurfar da nake aiki da ita mai lamba 925 ce, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa, sauran galibi jan ƙarfe, don zallarta ta cika laushi. Idan ana dukanta tana ƙara tauri, har amonta a kan uwar maƙera ya canza. Nan ne za ki tsaya, ki mayar da ita wuta ta yi ja kaɗan, ta saki jiki. Kika ƙara duka ba ki mayar da ita wuta ba, ta tsage. Kika bar ta a wuta, ta zube. Tsakanin waɗannan biyun nake yanke shawara, kuma sau da yawa siffar da na zana a takarda ba ita ke fitowa ba, don ƙarfen ya nuna wata hanya mafi kyau.

Ba na gaba da inji. Injin murza waya da na goge kaya duk ina da su, kuma masu cewa tabon masaba shi ne shaidar aikin hannu suna ba ragwaye mafaka ne kawai. Idan za ki sayi zobe, juya shi ki duba cikinsa da mahaɗarsa, ki shafa da yatsa. In ya karce ki, ki ajiye shi, ko wa ya ƙera.

Naki,
Maƙerin azurfa