Kyan Akwati Daban, Zaƙin Sauti Daban

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku kan akwatunan garmaho na Amurka waɗanda ake jefa wa tsaba su zaɓo faifai da kansu, kuma a matsayina na tsohon mai gyaran rediyo ina da ja a kan hukuncin da aka yanke cewa Wurlitzer 1015 ya fi kowanne.

Ba na musun kyansa. Tun da aka fito da shi a 1946, fitilunsa masu sauya launi da kumfar da ke hawa cikin bututun gilashi suka sa ya zama abin kallo a gidajen abinci. Amma faifai 24 kawai yake ɗauka, kuma fuska ɗaya yake bugawa a kowanne, domin faifan a kwance suke cikin farantai, sai farantin ya fito gefe sannan majuyi ya taso ya kai faifan ga allura. Hannun allurar yana da nauyi, faifan kuma irin na da ne mai juyi 78 a minti, wanda duk wanda ya taɓa garmaho ya san shuuu ɗin da yake yi da saurin cinyewarsa.

Kamfanin Seeburg na Shikago ne ya sauya al'amarin a 1948 da samfurin M100A. Ya jera faifai 50 a tsaye, ya sa injin yana tafiya a kan dogo har ya tsaya daidai wanda aka zaɓa, ya ɗauko shi ya buga shi a tsayen ta kowace fuska, waƙa 100 ke nan. Wannan dabara ita ce ta fi burge ni, saboda makaniki yana iya bin aikin injin da ido ya gane inda matsala take. Da kamfanin faifai na RCA Victor ya kawo ƙaramin faifan roba mai juyi 45 a 1949, Seeburg ya bi shi da M100B a 1950, sautin ya fita tas, allura mara nauyi kuma ta daina cin faifai kamar da.

Ina roƙon ku sake shirin, ku sa mana waƙa ɗaya a kan injinan biyu, Wurlitzer 1015 da M100B, domin masu sauraro su ji da kunnensu.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya